Guardant360 CDx: gwajin jini ga mai sankarar huhu da ta bazu

Gwajin nan yana neman ɓurɓushin DNA da ƙarin sankara ke zubarwa cikin jini. Hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ta amince da shi a Agustan 2020, a lokacin yana duba ƙwayoyin gado 55. Ana ɗibar jini kwalba biyu, mililita 10 kowacce, cikin kwalaben da kamfanin ya aiko. A jujjuya su a hankali sau takwas zuwa goma, kada a sa su a firji. Sakamako kan fito kamar mako guda bayan jinin ya isa ɗakin gwaji.

Amfaninsa ya fi fitowa idan naman ƙarin da aka tsakuro da allura don gwaji ya yi kaɗan, ko kuma sake huda huhun mara lafiya zai iya jawo iska ta taru a ƙirjinsa. In ya nuna sauyi a ƙwayar gadon EGFR, irin na exon 19 ko L858R, likita na iya fara maganin osimertinib, miligiram 80 sau ɗaya a rana, ba sai ya jira wani gwaji ba.

Matsalar tana wajen sakamakon da ya ce ba a ga komai ba. Ƙarin da bai girma ba, ko wanda ya bazu zuwa ƙwaƙwalwa kaɗai, ba ya zubar da isasshen DNA, sai gwajin ya wuce shi. Sauye-sauyen da ƙwayoyin gadon ALK, ROS1 ko RET ke haɗewa da wata ƙwayar gado ma sun fi kamuwa a gwajin RNA na nama. PD-L1 kuwa, alamar da ake dubawa kafin ba da maganin ƙarfafa garkuwar jiki, jini ba ya nuna shi sam. Ga kuma tsofaffi: ƙwayoyin jininsu na iya ɗauke da sauyi irin na ƙwayar gadon TP53 wanda ba ruwansa da huhu, ya fito a takarda ya rikita mai karatu.

Kuskure mafi muni shi ne a ga jini bai nuna komai ba, a fara maganin ƙarfafa garkuwar jiki irin su pembrolizumab, daga baya nama ya nuna sauyin EGFR. Osimertinib bayan irin wannan magani yana ƙara haɗarin kumburin huhu mai tsanani. Saboda haka a tura jini da nama rana ɗaya. In jini bai nuna komai ba, a jira na nama, ko a fara da kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) kaɗai idan jikin ba zai jira ba.