POS ko shagon ɗinki: wanne ya fi wa ɗan SS2?

Hajiya, na ga tambayarki a kan yaron wajenki. Kin ce shekararsa 15, yana SS2 a nan Kano, kuma tayi biyu ne a gabansa: wani maƙwabci zai zaunar da shi a rumfar POS bayan an tashi daga makaranta, ya riƙa ba shi naira dubu 15 a wata, ƙanin mahaifinsa kuma ya ce ya zo shagonsa ya koyi ɗinki, amma babu maganar albashi. Yaro ya ƙwallafa rai a kan POS, ke kuma zuciyarki ta kasu biyu. Ni na zauna a shagon tela tun ina JSS3 har na gama sakandare, ƙanina kuma ya yi wata bakwai a rumfar POS, don haka duka biyun na gan su a cikin gidanmu.

In dai kuɗin hannu ake magana, POS ta yi gaba, wannan babu musu. Wata na ƙarewa yaro zai ga abinsa. A shagon ɗinki kuwa watannin farko shara ce, da aike sayen zare da zif, da hura gawayin dutsen guga in babu wuta, da sa maɓalli. In maigida ya ji daɗi ya miƙa masa na abinci ko na sabulu, in bai miƙa ba shi ke nan. Sai dai ki raba dubu 15 ɗin nan gida talatin: naira 500 ke nan a rana. In rumfar da nisa, ɗan adaidaita sahu ne zai cinye ta. Kada ma wani ya kawo miki maganar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, domin dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, balle mai aikin rabin yini.

Inda nake so ki tsaya da kyau shi ne maganar asara. Aikin POS riba ƙarama ce a kan kuɗi mai yawa. Mutum ya ciri dubu biyar, a caje shi naira ɗari ko ɗari biyu, gwargwadon unguwa. Ke nan dubban kuɗin mutane ne ke ratsa hannun yaro yini guda don a tara ɗari-ɗari, kuma kuskure ɗaya ya isa ya share ribar mako. Akwai alat na bogi. Akwai ranar da sabis ke rawa, banki ya zare wa mutum kuɗi amma inji ya ce ciniki bai yi ba, sai ga cacar baki a bakin titi. Akwai jabun kuɗi, da kuskuren ƙirga da magariba idan mutane sun yi cincirindo kowa na miƙo kati.

Ƙanina ga yadda tasa ta kasance. Wani mutum ne ya zo da yamma, babbar riga da hula, ya kai sa'ar babanmu. Ya ce ya turo dubu ashirin, ya juyo fuskar wayarsa ya nuna masa shaida, yana ta duba agogo wai mara lafiya ya bari a mota. Kuɗi ba su shigo ba. Yaro ya ce, "Baba, a ɗan jira kaɗan." Mutumin ya haɗe rai ya ce, "Ni zan cuce ka? Na haifi kamarka." Kunya ta kama shi, ya ƙirga ya miƙa. Har yau kuɗin nan ba su shigo ba, kuma daga albashinsa aka cire, sai da ya yi fiye da wata guda yana aikin banza. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tarbiyyar da muka ba shi ce aka yi amfani da ita aka cuce shi. Mun koya masa ba a musu da babba, rumfar POS kuwa tana bukatar wanda zai kalli dattijo ido cikin ido ya ce ba zan bayar ba sai na gani a inji. Ɗan shekara 15 da wuya ya iya.

Ki kuma sani cewa injin, ko na Moniepoint ne ko OPay ko PalmPay, ba da sunan yaron yake ba, tunda ƙa'idar Babban Banki sai wanda ya kai 18 ke zama wakili. Amma ranar da wani ya zo da katin sata ya ciri kuɗi, in bincike ya biyo sawu, wanda aka tarar a zaune shi za a fara yi wa tambayoyi.

A ɗinki ma ana ɓarna. Ni da hannuna na taɓa ƙona wa wani shadda fara saura kwana uku Sallah, dutsen guga ya yi zafi na ɗora a gaban riga, shatinsa ya fito ɓaro-ɓaro. Na sha faɗa har da ranƙwashi, kwana biyu maigida bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Amma shi ya je Kantin Kwari ya sayo wata ya biya. A al'adar koyon sana'a, ɓarnar yaro ta maigida ce, don shi ya ɗauko wanda bai iya ba. A POS kuwa tunda ana biyan ka, an ɗauka ka iya, asara taka ce.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce tushen tambayarki ko da ba ki faɗa ba, tunda ɗalibi ne. Ana tashi daga boko wajen ƙarfe biyu. In yana Islamiyya, bayan la'asar ta tafi, in ban da Alhamis da Juma'a. Cinikin POS kuwa daga yamma zuwa bayan isha'i yake kankama, kuma rumfa ba a barin ta. Mai ita zai ce ai yaro na iya karatu in babu mutane. Ban taɓa ganin wanda ya yi ba. Kowane minti biyar wani ya tsaya, a tsakani kuma waya ce a hannu, ga kuɗi a jaka, ga abokai masu buga cacar ƙwallo suna zuwa hira. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda bai kai 16 ba kada a sa shi aiki fiye da awa huɗu a jere, ko fiye da awa takwas a rana, kuma ban da aikin dare. Babu mai zagayawa rumfuna yana dubawa, amma ke kina iya ɗaukar ta ma'auni.

Shagon ɗinki ya fi sassauci. Yaro ya zo ya yi awa biyu ya tafi, gobe ya ce akwai jarrabawa, ba abin da zai tsaya. Amma shi ma yana da lokacin haukarsa: azumi, da makonnin da ke gaban Babbar Sallah. A nan ne teloli ke kwana a shago, keke na kuka har asuba, wasu yaran ma a nan suke fara haɗiyar ƙwaya wai don kada barci ya ɗauke su. Shekarun nan kuma Babbar Sallah a tsakiyar lokacin WAEC take faɗowa. Ta 2025 ranar 6 ga Yuni aka yi, ana cikin jarrabawa. JAMB na gaba da ita, NECO na biye. Taura biyu ba ta taunuwa, saboda haka tun yanzu a gaya wa baffansa cewa daga zango na biyu na SS3 yaro ya ajiye almakashi sai ya rubuta takardar ƙarshe. Kiredit biyar da Turanci da Lissafi ba a samun su da idon da ya kwana a kan keke. Wani abu kuma, a ja masa kunne kada ya kwaso "gobe in Allah ya yarda" irin tamu ta teloli. Ni sai da na yi shekaru kafin na yaye kaina.

To, bayan shekara biyu me zai rage a hannunsa? Aikin POS a mako guda ake iya shi. Zai ƙara masa saurin lissafi da wayewar mu'amala da jama'a, ban raina wannan ba. Amma abin da aka koya a mako guda, a mako guda ake samun wanda zai maye gurbin mutum. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, da masu POS suka ci kasuwarsu, kowa ya ruga ya karɓi inji, yanzu kowace kwana akwai lema biyu ko uku suna kallon juna. In ma ya so buɗe tasa, jari ne zai yi magana, ba iyawa ba. Shi kuwa mai ɗinki, in ya mai da hankali, cikin shekara guda ya hau keke, ya fara kalmasa da rage wando da canza zif, kuma a yawancin shaguna kuɗin irin wannan gyaran yara ake bar wa. Daga nan sai awo, sai yanka, wadda ita ce ƙarshen abin da maigida ke sakar wa yaro. Ni da keke mai ƙafa ɗaya na riƙe kaina lokacin da nake karatun gaba, ban damu da an kawo wuta ko an ɗauke ba.

Da ni ce shawara ta rage wa, Hajiya, shagon baffansa zan kai shi. Sharaɗi ɗaya ne: ya kasance ba ya ƙin aikin. Wanda aka tura dole zai shekara uku yana guga. In kin ga ransa ya fi karkata ga waya da na'ura, a nema masa mai gyaran waya na kirki a Farm Centre, lissafin duk ɗaya ne da na ɗinki.

In kuwa gida na bukatar dubu 15 ɗin nan da gaske, babu abin kunya a ciki, kowa ya san halin da ake ciki. Sai a bari ya yi POS a dogon hutu kawai, kuma babba ya je ya zauna da mai rumfar kafin yaro ya taɓa inji: wa zai ɗauki asara in an yi alat na bogi, ƙarfe nawa ake tashi, kuma kullum a ƙirga kuɗi gaban juna a rubuta a littafi, safe da yamma. A kuma gaya wa yaron a gaban maigidan cewa ko limamin unguwa ne ya zo, ba a ba da kuɗi sai sun nuna a inji, don ya san yana da mai tsaya masa.

Shi kuma kada a raina abin da ke ransa. Ba rumfa yake so ba, so yake ya taɓa aljihu ya ji nasa, kamar yadda yake gani a wurin abokansa. Ki sayo masa tef da almakashinsa na kansa, ki kuma roƙi baffan nasa, ta bakin mahaifinsa, ya yanka masa wani abu duk ranar Asabar ko yaya yake, kuma da zarar ya iya kalmasa a sakar masa kuɗin gyara.