Bitar Aikin Wani Wakilin Jigilar Kaya: Gwani a Takarda, Mai Nauyin Baki a Hanya

Kayan da na damƙa wa wannan wakili ba su taka kara sun karya ba: kekunan ɗinki na masana'anta guda 12 da wasu katan-katan na kayan gyaransu, waɗanda na saya daga wani kamfani a ƙasar Sin. Duka-duka girmansu kubik mita 6 ne, alhali kwantena mai ƙafa 20 tana cin kimanin kubik mita 33, don haka babu dalilin ɗaukar kwantena sukutum. Shawararsa ta farko ita ce a haɗa kayana da na wasu 'yan kasuwa a kwantena guda, kowa ya biya gwargwadon gurbin da ya ci. Ba zan ambaci sunansa ko na kamfaninsa ba, domin aikin nake son aunawa.

Abin da ya fara burge ni shi ne tun kafin ya faɗi kuɗin aikinsa sai da ya nemi ganin takardar cinikin da ke tsakanina da mai sayarwa. Yana dubawa ya nuna mini haruffa uku da ban ba su muhimmanci ba, wato EXW. Waɗannan haruffa ɗaya ne daga cikin sharuɗɗa 11 na cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms 2020, waɗanda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya mai hedikwata a Paris take fitarwa, kuma ma'anarsu ita ce alhakin mai sayarwa ya ƙare a ƙofar masana'antarsa, ta yadda lodi da kai kaya tasha da sallamar kwastan ta ƙasar da za a fitar da su duk suna wuyan mai saye. Ni da ban taɓa taka ƙasar ba, ta yaya zan sallami kaya a kwastan ɗinta? Wakilin ya sa na koma na daidaita da mai sayarwa a kan sharaɗin FCA, inda shi ne zai kammala takardun fitarwa ya miƙa kayan a rumbun da aka ambata masa. Wannan gyara kaɗai ya isa hujjar ɗaukar wakili.

A wajen lambar kaya ma ya nuna ya san hannunsa. Kowace haja tana da lamba a tsarin bai-ɗaya na Hukumar Kwastan ta Duniya, wanda lambobinsa shida na farko iri ɗaya ne a kusan dukkan ƙasashe, kuma da wannan lamba ake yanke haraji. Kekunan ɗinki suna ƙarƙashin 8452, sai dai mai sayarwa ya rubuta 8452.10, wadda ta kekunan amfanin gida ce, ni kuwa nawa na masana'anta ne. Wakilin ya gano kuskuren ne ta hanyar gwada takardar farashi da jerin abin da ke cikin kowane akwati layi bayan layi, ya kuma dage sai an gyara kafin a fitar da takardar lodin jirgi, domin gyaranta bayan jirgi ya tashi yana jawo ƙarin caji da ɓata lokaci, kuma saɓani tsakanin takarda da kaya shi ne abin da jami'in kwastan ya fi saurin riƙewa. Haka nan ya buƙaci hoton hatimin da ke jikin akwatunan katako, saboda ƙa'idar ISPM 15 ta wajabta a gasa katakon marufi ko a yi masa hayaƙin magani don kashe ƙwari, in ba haka ba ana iya hana kayan shiga.

Katan ɗaya na kayan gyara na so ya riga sauran isowa, sai muka tura shi ta jirgin sama. Nauyinsa kilo 9 ne, amma aka caje ni na kilo 20, har na zaci an yi mini coge. Cikin natsuwa ya buga mini lissafin: tsawo santimita 60, faɗi 50, tsayi 40, a ninka su a raba da 6000, sakamakon shi ne 20, kuma kamfanin jirgi yana ɗaukar wanda ya fi yawa tsakanin nauyin sikeli da nauyin girma. Gaskiyarsa ce, ko da yake na so a ce ya faɗa mini tun farko, da na sa an matse kayan a ƙaramin katan.

Inshora na so in tsallake, ya hana ni. Ya bayyana mini cewa diyyar da kamfanin jirgin ruwa yake biya idan kaya sun lalace tana da iyaka, ana lissafa ta ne bisa kilo ko bisa ƙunshi, ba bisa darajar kaya ba. Ya kuma tuna mini da tsohuwar dokar teku da ke raba asarar ceton jirgi a kan masu jirgin da duk masu kaya, kamar yadda masu jirgin Ever Given suka ayyana bayan ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a watan Maris na 2021.

Rauninsa ya bayyana ne bayan kaya sun hau ruwa. An sauke kwantenar a Singafo don sauya jirgi, jirgin da aka tsara ya tafi ya bar ta, ta zauna jiran na gaba. Wannan ba laifin wakili ba ne, kuma duk mai shigo da kaya ya san yana faruwa. Laifinsa shi ne bai sanar da ni ba, sai da na shigar da lambar kwantenar a shafin intanet na kamfanin jirgin na gani da idona, saƙonnina kuma suka yi kwana uku ba amsa. Mutumin da ya yi mini bayanin sharuɗɗan ciniki dalla-dalla ya kasa rubuto layi biyu, alhali ni ma ina da waɗanda na yi wa alkawarin rana.

Abu na biyu ya fi ci mini rai. Ƙiyasin da ya ba ni bai ƙunshi kuɗin buɗe kwantena da rarraba kaya a rumbun tashar sauka ba, wanda duk mai kayan haɗaka sai ya biya, kuma wakilin da ya gano kuskuren lamba ɗaya a takarda ba zai ce ya manta da shi ba. Da na yi ƙorafi ya amsa kuskurensa, ya rage wani abu daga ladansa, ya kuma hanzarta sallamar kayan kafin kwanakin ajiya na kyauta su ƙare.

Kekunan sun iso lafiya, babu ko kwarzane, kuma kwastan ba su tsayar da takarda ko ɗaya ba. Zan sake ba shi aiki, amma a karo na gaba sai ya rubuta mini dukkan cajin tashar sauka a cikin ƙiyasi, ya kuma amince a rubuce cewa zai riƙa aiko mini da rahoton inda kaya suke sau ɗaya a mako.