Awon Kullum, Bashin Shago Ko Buhun Kaka: Wanne Ya Fi Rufa Wa Magidanci Asiri a Gombe?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin gidan kowa ya rikice. Litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake dubu. Kuɗin mota ya hau, duk abin da ake ɗauka a mota ya bi shi. A watan Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli, amma a ƙarshen shekarar buhun shinkafa mai kilo 50 shi kaɗai ya fi wannan kuɗin.

Ni malamin makaranta ne a garin Gombe, mu tara ne a gida har da mahaifiyata. Na zauna na duba inda albashi ke zurarewa, na tarar hatsi ne kan gaba: masarar tuwo, wake, shinkafa, sai geron kunu. Kayan miya kullum ake saye, babu yadda za a yi da su. Amma hatsi kana da zaɓin yadda za ka saye shi, kuma hanyoyin nan duk na bi su da ƙafata.

Awon kullum, mudu ɗaya yau mudu biyu gobe, shi ne mafi tsada, domin ribar mutum uku ko huɗu kake biya a kan kowane mudu. Wanda abin hannunsa na yini ne, ɗan acaba ko lebura, ba shi da laifi, abin da ya samu da shi zai auna. Mai albashi kuwa bai kamata ya zauna a nan ba. Bashin mai shagon unguwa ya fi wannan muni. Ba ka tayawa, ba ka zaɓe, abin da ya rubuta a littafinsa shi ne, ranar da albashi ya shigo kuma rabinsa ba naka ba ne. Kayan da ƙungiyoyin ma'aikata ke rabawa a riƙa cira a albashi suna taimako lokacin azumi, sai dai ka haɗa jimillar abin da za a cire ka kwatanta da farashin kasuwa kafin ka sa hannu. Masu tallar buhu a rabin kuɗi a Facebook da WhatsApp, su ce ka tura kuɗin rajista tukuna, ko sauraronsu kada ka yi.

Sarin wata-wata ya fi duk waɗannan. Albashi na shiga ka nufi Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta cikin garin Gombe, ka ɗauki rabin buhun masara, ka auni waken wata guda, ka huta. Shekaru na yi a haka. Matsalarsa ɗaya ce, kana bin farashi duk inda ya je, kuma daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbunan manoma suka yi ƙasa, yawanci sama yake yi.

Abin da na tsaya a kai, kuma nake ba duk mai albashi shawara, shi ne sayen kaka. Idan amfanin gona ya shigo, manomi na bukatar kuɗi don biyan bashin taki da na 'yan ƙwadago, ga bukukuwa sun matso, hatsi ya cika kasuwa. A lokacin nake sayen abin da zai kai mu wata takwas zuwa goma. Allah ya yi wa jiharmu arzikin masara da wake, ga shinkafar Dadin Kowa, ga kasuwanni irin na Kumo da Bajoga da Dukku inda manomi da kansa yake kawo kayansa. Sai dai ka lissafa kuɗin mota da na dako da la'adar dillali kafin ka ce ƙauye ya fi araha. In buhu biyu kawai za ka saya, Tudun Hatsi ta ishe ka. In kun haɗu ku huɗu ko biyar kun ɗauki mota ɗaya, a nan ne fita waje ke da amfani.

Amfanin sayen kaka ya wuce rangwamen farashi. Ranar da albashi ya makara, ko yaro ya kwanta rashin lafiya kuɗin hannu suka tafi asibiti, tukunya ba ta tsayawa. Ko miyar kuka ce da daddawa, za a ci a ƙoshi. Wannan kwanciyar hankalin ban san kuɗin da zai saye ta ba. Wani abokin aikina ya taɓa ce min ai wannan ɓoye abinci ne, na ce masa malamai sun bambance wanda ya tara kaya yana jiran mutane su shiga ƙunci ya tsawwala, da wanda ya tanadi abin da iyalinsa za su ci. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara.

Gaskiya guda da ba zan ɓoye ba: ba kowace shekara farashi ke hawa ba. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 hatsi ya sauko, waɗanda suka tara don riba da yawa sun tafka asara. Ni ma abin da na saya a kakar 2024 da na jira da na same shi da sauƙi. Amma cinye shi muka yi, ba wanda ya biyo ni bashi. Don haka ka sayi daidai cikin gidanka, kada ka ci bashi mai ruwa, kada ka sayar da kadara don ka cika ɗaki da buhuna. Ni adashi nake shiga da abokan aiki, na roƙi a riƙa ba ni ɗauka a watan Nuwamba ko Disamba. Wanda ba zai iya buhu ba ya haɗa da maƙwabcinsa su raba.

Yanzu ga inda aka ƙone ni, kuma saboda shi ne na zauna rubutun nan.

A watan Oktoban 2023, ina tsoron kada farashi ya ƙara gudu, na yi gaggawar sayen buhu uku na sabuwar masara a hannun wani mutum a wata kasuwar ƙauye. Ya sauke min kuɗi sosai. Na ce, "Alhaji, ta bushe kuwa?" Ya ɗebo daga bakin buhu ya zuba min a hannu, ya ce, "Malam, ciza ka ji." Na ciza ta yi ƙas. Aka ɗinke, na biya, na kawo gida na jingina a ɗakin ajiya. Bayan kamar sati biyar uwargida ta ce, "Malam, zo ka ji warin da ɗakin nan yake yi." Na sa hannu a tsakiyar buhu na ji ɗumi kamar an sauke daga wuta. Da muka zazzage a tsakar gida, kamu ɗaya na sama ne kawai busasshe. Ƙasa duk ɗanya ce, ta dunƙule, ta yi fumfuna kore da baƙi, ga ɓarɓashin totuwa da yashi an cusa a tsakiya. Inna ta ɗebo ta shinshina ta ce, "Kada ka yarda a ba jikokina wannan, ko kaji kada a ba." Ta yi gaskiya. Irin wannan fumfunar ta masara da gyaɗa tana haifar da gubar da likitoci ke kira aflatoksin, tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Buhu biyu cur muka zubar, kuɗin adashin wata shida.

Tun daga ranar ba na kallon araha sai na gama da abu uku: bushewa, cikar awo, da abin da aka zuba wa hatsin.

Maganar bushewa, kada ka sayi masarar ajiya a farkon kaka komai sauƙinta. Arahar nan ruwa ne kake saye, in ta bushe nauyin zai tafi, in ba ta bushe ba ta ruɓe. Ka bari iskar hunturu ta kaɗa ta, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. Cizawa na da amfani, amma ƙwayar da za ka ciza kai za ka ɗebo ta, daga tsakiya da ƙasan buhu. 'Yan hatsi suna da ƙarfe mai rami da suke soka wa buhu ya fito da ƙwaya, ka sa a soka wuri uku. In kana son tabbaci, ka je da busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ka zuba ƙwayoyin da gishirin ka girgiza sosai, ka ɗan jira. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima.

Mafi kyau duk a zazzage buhun a kan tamfol a gabanka, a auna mudu-mudu a zuba a naka buhun da ka zo da shi. Za ka biya mai awo ɗan abu, amma nan ne algus ke tonuwa: tsakuwa, ƙaiƙayi, tsohon wake hujajje da aka lulluɓe da sabo. Duk wanda ya ƙi a juye kayansa, ko ya ce sauri yake yi mota za ta tashi, ka bar masa abinsa. Ka kuma duba mudun kansa. Akwai wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai wanda aka rage bakinsa, akwai mai awon da mudun sayensa daban na sayarwarsa daban. Ni da mudun gidana nake zuwa, in gwada da nasa kafin a fara. Wani dattijo mai awo ya ga na fito da shi ya ce, "Ɗana, ka kyauta, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan." Sura guda Allah ya buɗe ta da azabar masu tauye mudu, amma har yau ana yi. Buhu ma girma-girma ne, saboda haka kada a yi ciniki da kai a kan "buhu" kawai, a faɗi mudu nawa ne a ciki.

Shinkafa ita ma tana da nata. Ana juye 'yar gida a buhun 'yar waje a ɗinke da inji a ƙara kuɗi, ana kuma zare mudu ɗaya ko biyu daga buhu mai kilo 50 a mayar da ɗinki. A ɗora maka a sikeli. In shanshera za ka saya ka kai a yi maka gumi a casa, ta fi jure ajiya, amma ka sani wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ɓuntu ne da dusa, da wannan za ka yi lissafi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wake. Ƙwari na son wake, shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper, ko su jefa ƙwayar maganin ƙwari kai tsaye cikin buhu. Saboda irin wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kai. Abin da Turawa suka ƙi ci shi ake auna wa 'ya'yanmu. Ka cusa hannu ka ɗebo ka shinshina. In ka ji warin magani, ko ya bar maka wani gari-gari a tafin hannu, ko idonka ya yi yaji da aka buɗe buhun, ka wuce. Waken da aka kawo cikin damina, tsohon shekara, amma ko huji ɗaya babu, ka tambayi yadda aka ajiye shi. Wannan ma babban dalili ne na sayen sabon wake a kaka daga hannun manomi, tun bai shiga sito ba.

To in ka kawo gida fa? Ba ka bukatar magani ko kaɗan. Buhun PICS nake amfani da shi, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tun farko saboda wake. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. In aka ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe su mutu. Ana saye a shagunan kayan noma, amma shi ma an yi jabunsa, ledar sirirya kamar ta ƙullin gari. Kafin ka biya ka zaro ledojin ka ji kaurinsu, ka cika kowace da iska ka murɗe bakin ka danna. In ta sace, a canza maka. Wajen ɗauri ka matse iskar da ta rage a sama, ka murɗe, ka lanƙwasa, sannan ka ɗaure. Ka ɗora a kan katako, nesa da bango, ka yi maganin ɓera, domin huji ɗaya ya ɓata aikin. Kuma ka sani buhun nan ba ya busar da hatsi, in ka zuba ɗanye ɗanye za ka tarar. Ni ko na yarda da bushewar kaya sai na ƙara shanya shi kwana biyu a tsakar gida, ya huce, sannan in ɗura.

Wanda wakensa bai kai buhu ba, jarkar man gyaɗa mai lita 25 ta wadatar. A wanke ta, ta bushe ƙarau, a cika ta har wuya, a sa leda a bakin a murɗa murfi. Banda wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi.

Abu na ƙarshe a cikin gida yake. In buhu na jingine hannu yakan saki, a tuƙa fiye da ci, a wayi gari ana zubar da tuwo. Mun zauna da uwargida mun tsayar da awon kowace rana, mudun yana hannunta, buhu ɗaya ake buɗewa sai ya ƙare a taɓa na gaba. Tun ranar da kaya suka iso muke ware na 'yan uwa da na almajirai a wani buhu daban, don kada wanda ya zo neman taimako ya koma hannu rabbana, kada kuma lissafin gida ya rushe. Bana adashina zai fito a Disamba. Masara buhu biyar nake nufi, wake ɗaya, gero ɗaya, mun riga mun yi magana da maƙwabta uku a kan motar da za mu ɗauka, tamfol da buhunan kuma tun yanzu na saye su na ajiye.