Gargaɗi ga masu shirin LSAT: wani ya cinye min naira 465,000 da sunan darasi da rajista

Assalamu alaikum. Duk wanda yake shirin rubuta jarrabawar LSAT, wato jarrabawar neman shiga makarantar lauya, ko yake da ƙane ko ƙanwa mai burin karatun lauya a Amurka ko Kanada, ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram na masu neman karatu a waje, yana cewa shi ɗalibin lauya ne a Amurka, ya ci maki 174 cikin 180, kuma yana koyarwa da Hausa. Ɗan damfara ne. Naira 465,000 ya ci min. Dubu 85 kuɗin darasi da littattafai, dubu 380 kuɗin rajista. Ku haɗa da kanku, 465,000. Wallahi ina rubutun nan ƙirjina yana tafasa.

Kafin wani ya zo ya ce min ai ni na cika saurin yarda, ya bari ya ji yadda abin ya faru. Ni ba yaro ba ne. Na yi digirina, na yi hidimar ƙasa, na san 'yan damfara, na sha goge saƙonninsu ban ko buɗe ba. Ban tura wa mutumin nan ko sisi ba sai da na gwada shi. Na jima ina fama da sashen auna hujja, wanda za a ba ka ɗan gajeren zance, a ce ka gano inda hujjar ta karye, ko abin da mai maganar ya ɗauka a ransa bai faɗa ba, ko wace amsa cikin biyar ce za ta raunana maganar ko ta ƙarfafa ta. Minti 35 ne kacal, tambayoyi kusan 25, ga Turanci mai murɗe-murɗe. Kullum sai in rage amsoshi biyu, in zaɓi wadda ba ita ba. Sai na ɗauko tambaya guda da ta gagare ni na tura masa, na ce in dai gaskiya ne ya warware min.

Ya turo saƙon murya. Har yanzu yana cikin wayata, kuma zan sa shi ku ji da kunnenku. Ya ce: “Ƙanena, ajiye Turancin tukuna. An ce ba mai shiga ɗakin jarrabawa sai da katin shaida. Audu yana da katin shaida. Audu ya shiga?” Na ce e mana. Ya ce: “A'a. Katin sharaɗi ne wanda dole sai da shi, amma shi kaɗai bai isa ya tabbatar maka Audu ya shiga ba. Yana iya kasancewa a gida yana barci, katinsa a aljihu. Abin da kawai za ka iya rantsewa a kai shi ne, wanda ba shi da kati bai shiga ba.” Na ajiye wayar na yi shiru. Abin da na daɗe ina karantawa a littafi bai zauna min ba, mutum ya zaunar min da shi da Hausa cikin minti biyu. Na koma kan tambayar, na ga amsar tsaye a gabana. Ku faɗa min tsakaninku da Allah, wane ne cikinku zai ji wannan bayani ya ce mai yin sa ɓarawo ne? Bayanin daidai ne. Har gobe daidai ne. Wannan “ƙanena” ɗin, da yadda ya kwantar da murya, da Audu mai barci da kati a aljihu, su suke ta dawo min in na kwanta.

A daren nan na tura masa dubu 85.

Abin da ya turo min fayil-fayil ne masu yawa, yawancinsu hoton shafukan tsofaffin littattafai, wasu a karkace, wani shafin har da inuwar yatsan wanda ya ɗauka. Kuma kusan rabinsu a kan sashen da ake kira Logic Games ne, wanda za a ce mutum bakwai za su zauna a jere, wane ba ya zama kusa da wane, kai kuma ka zana jadawali ka fitar da tsarin. Ya ce min a nan ake tara maki, in na ƙware a nan na gama. Na duƙufa. Na cika littafin rubutu da zane-zane, bayan sallar asuba ina kai, da dare in an ɗauke wuta ina kai da fitilar waya. Ashe wannan sashe an cire shi daga jarrabawar tun watan Agusta na 2024. An cire shi gaba ɗaya! Hukumar LSAC da ke shirya jarrabawar ta sanar tun kafin lokacin, kuma asalin maganar ƙara ce da masu larurar gani suka shigar saboda ba sa iya zana jadawalin, aka sasanta a 2019. Yanzu sassa biyu ne na auna hujja, ɗaya na karatu da fahimta, sai ɗaya na gwaji da ba a lissafa makinsa, sai kuma rubutun insha'i da ake yi daban. Wato mutumin da ke cewa ya ci 174 cikin 180 ya sa ni ina kashe dare a kan abin da babu shi. Dubu 85 na biya a koya min sashen da aka riga aka binne.

Amma na yi gaba da yawa, domin ban san wannan ba sai daga baya. Maganar dubu 380 ta riga ta.

Ga yadda ta zo. Kuɗin rajista ya haura dala 200, da dala ake biya, kuma katin bankina ya ƙi. Na gwada, ya ƙi. Na faɗa masa ne kawai a cikin hira, ban roƙe shi komai ba, ku lura da wannan da kyau. Shi ya ce: “Haba ƙanena, wannan ai ƙaramin abu ne, ina da katin Amurka, turo nairar in biya maka, haka nake yi wa duk ɗalibaina.” Ya lissafa canjin dala a gabana, kuma lissafin ya yi daidai da farashin kasuwa na ranar, domin na duba. Na duba! Ya ce ranar rufe rajista ta matso, kuma gaskiya ne ta matso, na gani a shafin hukumar. Duk abin da zan iya tantancewa na tantance, duk ya fito daidai. Ya ce shi zai buɗe min asusun a shafinsu don kada in yi kuskure wajen cike suna, ya karɓi hoton fasfo ɗina. Na tura dubu 380 zuwa wani asusu mai sunan mace, ya ce matar yayansa ce da ke karɓar masa kuɗi a gida. Bayan kamar awa guda ya turo takardar shaidar rajista, da tambarin hukumar, da sunana, da ranar jarrabawa.

Dubu 380 ɗin nan ba nawa ba ne. Yayana ne ya cire daga jarinsa, mutumin da ke tsaye a Kantin Kwari tun safe har yamma yana auna yadi. Da zai ba ni ya ce: “Je ka biya, Allah ya sa mu ga lauya a gidan nan.” Har yau ban iya haɗa ido da shi sosai ba. Bai ce min komai ba, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi Allah ya mayar da alheri, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Wata 'yar'uwarmu da ke karatu a Kanada ce ta fara tayar min da hankali. Ta ga hoton littafina da na ɗora, ta ce, “Yaya, wannan zanen na mene ne, ai an daina shi.” Na ce mata malamina ya fi ta sani. Na kare shi! Da na tambaye shi sai ya ce wai an cire wa 'yan Amurka ne kawai, mu da ke rubutawa daga waje har yanzu muna yi. Ƙarya ce tsagwaronta, tsarin ɗaya ne ga kowa. A'a, kafin wannan ma, akwai ranar da na nemi kalmar sirrin asusuna, ya ce sai jarrabawa ta matso, wai kada in taɓa wani abu in ɓata rajistar. Ko bayan nan ne? Kaina ya ɗaure, amma duk yana cikin hirar, da kwanan wata da lokaci, za ku gani.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne da ya kira ni ya ce yana da hanyar samun tambayoyin da za su fito, in ƙara dubu 150. Na ce masa ba na so, ni karatu nake yi, ba satar amsa na zo nema ba. Kuma na san wanda hukumar ta kama da maguɗi ana iya soke makinsa a kuma sanar da makarantun da ya nema, mutumin da ke son zama lauya ya fara da wannan tabon ina zai kai shi? Daga ranar muryarsa ta canza. Babu sauran “ƙanena”. Na rubuta wa hukumar da adireshin imel ɗina da lambar da ke kan takardar, amsa ta zo cewa ba su da rajista da wannan bayani. Takardar bogi ce, haɗa ta aka yi a kwamfuta. Na kira shi, ya ce matsalar na'ura ce, in ba shi zuwa Juma'a. Juma'a ta zo, ya ce yana aji. Asabar hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, saƙona ya tsaya a alama ɗaya. Ya cire ni daga zauren ɗaliban, wanda yanzu nake zargin yawancin masu yabonsa a ciki shi ne da wasu layukan. Ranar rufe rajista kuma ta wuce ina zaune ina jiran jarrabawar da ba a taɓa yi min rajistarta ba.

465,000, da hoton fasfo ɗina a hannunsa, da watannin da na kashe a kan zanen banza. Na kai ƙorafi banki, na kai rahoto wurin hukuma, an ce in jira. Rasit biyu, na dubu 85 da na dubu 380, da takardar bogin, da saƙonnin muryarsa, da hotunan hirarmu daga farko har ƙarshe, duk ina haɗa su, zan ɗora da zarar wanda ke bin min maganar ya ce babu matsala. Ban yafe ba. Kuma na ji yana nan da sabuwar lamba yana tallar darasin GRE da IELTS, wasu jarrabawowin masu neman karatu a waje.

Ku buɗe asusunku da hannunku a shafin LSAC, kada ku ba kowa fasfo ko kalmar sirri. In kati ya ƙi, ku je bankinku ku nemi katin dala. Akwai jarrabawowin gwaji na asali kyauta a LawHub, shafin atisaye na LSAC, ku fara da su. Duk wanda ya ce zai koya muku Logic Games ko yana da tambayoyin da za su fito, ku toshe shi. Wanda kuma ya taɓa jin saƙon muryar nan ta Audu da katin shaida, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo, ina tattara waɗanda ya cuta mu shigar da ƙara tare.