Ajin Faransanci na Madam a Wuse: wata 3 ina daddatsa kalmomi

Wata 3 ke nan ina zuwa wajen wata malama 'yar Damagaram da ke koyar da Faransanci a wani ɗaki, saman shagon tela a Wuse. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma aikin da nake nema a Maraɗi yana buƙatar Faransancin asibiti, bonjour kaɗai ba zai kai ni ko'ina ba.

Ranar farko ta rubuta électroencéphalogramme, wato gwajin aikin ƙwaƙwalwa da na'ura, a allo ta ce in karanta. Ban kai tsakiya ba harshena ya sarƙe, 'yan aji suka tuntsire da dariya. Sai ta ɗauki alli ta daddatsa kalmar: é-lec-tro-en-cé-pha-lo-gramme, gaɓa 8. Ta ce, "Hajiya, ai loma-loma ake cin tuwo." Muka riƙa tafi a kan kowace gaɓa, a sauke nauyin murya a ta ƙarshe, e ɗin da ke wutsiya kuma a bar shi shiru.

Inda na fi yaba mata shi ne ta san daidai wurin da Bahaushe ke tuntuɓe, don ita ma Hausa ta sha a nono. Ba mu saba da baƙi biyu a jere a farkon kalma ba, sai mu cusa wasali a tsakani, ga kuma p da ke komawa f a bakinmu. Pneumonie, wato ciwon huhu, wadda na saba yi wa p ɗinta shiru a Turanci, Faransawa furta shi suke yi. Ni kuwa "finimoni" ke fitowa. Sati 2 ta sa ni gaban madubi ina haɗa leɓɓa, har yarana suka fara kwaikwayona a gida. A psychiatre, wato likitan masu taɓin hankali, ma haka, p na nan, ch kuma k ne.

Ɗakin fa ƙarami ne, babu janareto, in aka ɗauke wuta sai fifita da littafi. Ba ta raba takardu, sai dai mu ɗauki hoton allo da waya. Sau biyu ta makara ranar Asabar, ni kuwa tun daga Kubwa nake tasowa. Kuɗin dai da sauƙi, kuma tana yarda a biya kashi biyu.

Jiya ta ba mu otorhinolaryngologie, wato fannin kunne, hanci da maƙogwaro, gaɓa 9. Sai da muka gama haɗa gumi, sannan ta ce likitocin can ORL kawai suke cewa.