Hattara da Masu Damfara da Kayan Fatsar Kifin Bas a Intanet

Masu fatsar kifin bas (wani kifin ruwan daɗi) don nishaɗi, a yi hattara. Akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da Instagram, kuma takan yi ƙamari idan lokacin kamu ya ƙarato, sa'ad da kowa ke sabunta zare da ƙugiyoyi. Kana cikin latse-latsen waya talla za ta faɗo maka: hoton sito maƙare da kwalaye, tambarin manyan kamfanonin kayan fatsa irin su Shimano ko Daiwa ko Bass Pro Shops a sama, an rubuta wai reshe ake rufewa, ko wai kayan da masu saye suka dawo da su ne ake neman kai da su, ragi kashi 80 ko 90 cikin 100. A gefe ga agogo yana ƙirga mintuna, a ƙasa ga sanarwa tana ta tsalle wai wani ya kwashi uku yanzun nan. Kamfanonin da aka liƙa sunayensu ba su ma san ana yi ba, su ma satar suna aka yi musu.

Damfarar kala biyu ce. Ta farko, babu kanti babu kaya, shafi ne kawai aka kwaikwaya. Ka biya, a turo maka lambar bibiyar saƙo, ka yi ta jira. Wata rana sai lambar ta nuna an miƙa kaya, kai kuwa ko ƙyalle ba ka gani ba. Dabarar ita ce sukan aika wani tarkace marar nauyi zuwa wani adireshi a yankinku, don takardar kamfanin aike ta nuna saƙo ya isa garin. Da ka kai ƙara wurin banki, sai su ɗaga wannan lambar a matsayin hujja. Wasu kuma ba kuɗin kayan ne ma ya dame su ba, lambobin katinka suke so. Wannan kalar mai sauƙin ganewa ce in mutum ya nutsu minti biyu. Duba adireshin shafin harafi bayan harafi, za ka ga an ƙara wata kalma ko an sauya harafi ɗaya. Saka shi a manhajar WHOIS ka ga ranar da aka yi masa rajista; kamfanin da aka kafa tun 1972 kamar Bass Pro Shops ba zai koma sayar da kaya a shafin da aka buɗe makon jiya ba. Alamar kulle da ke gefen adireshi kuwa ba shaidar gaskiya ba ce, ɓarawo ma yana samunta kyauta.

Ta biyun ita ta fi ci mini rai, domin kayan yana isowa. Kwali mai kyau, rubutun Japananci a jiki, launi ɗau. Ungulu da kan zabo ke nan. Wanda aka yi wa ta farko ya san an cuce shi, ya yi Allah ya isa ya wuce. Wanda aka yi wa ta biyu zai iya cinye damina guda a bakin ruwa yana zargin hannunsa, yana cewa shi ne bai iya ɗauri ba, ko bai iya fizga ba, alhali abin da ke ƙarshen zarensa ne ba na ƙwarai ba. Sirrin kayan bas kusan duk a abin da hoto ba ya nunawa yake: nauyin ƙarfe, irin sinadarin zare, daidaiton abin da ke cikin koto. Nan ɗin kuwa 'yan jabu suke cin kasuwarsu.

Mu fara da nauyin da ake zurawa a gaban tanar roba a salon ɗaurin ƙugiya da ake kira Teksas, ko wanda ake sa wa salon Karolina nesa da ƙugiya. Masu fatsa sun raja'a a kan ƙarfen tangistin maimakon dalma ne saboda dalili. Dalma tana da nauyin giram 11.3 a kowane santimita kubik, tangistin zalla kuwa 19.3, wanda ake yin nauyin fatsa da shi yana kaiwa wajen 18. Ke nan rabin oza, wato giram 14, na tangistin ya fi na dalma ƙanƙanta da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Yana ratsa ciyawa ba tare da ya maƙale ba, kuma don taurinsa, in ya bugi dutse ko itace a ƙasan ruwa za ka ji ƙas a sanda, ka san inda kake. Tsadarsa ma da dalili: dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, kowa zai iya zuba ta a mazubi, tangistin kuwa sai digiri 3,422, don haka garinsa ake matsewa a gasa. To ɗan damfara sai ya zuba dalma, ya shafa mata fenti baƙi ko kore, ya rubuta kashi 97 tangistin.

Gwajin ba wuya. Ɗauki ɗaya daga cikin fakitin, kankare fentin da wuƙa. In wuƙar ta shiga jikin ƙarfen ta fere shi, ya fito fari yana ƙyalli, dalma ce. Goga wurin a farar takarda, dalma za ta bar layi toka-toka. Tangistin kuwa wuƙa zamewa take yi a kansa, filaya ma ba ta lotsa shi. In kana da ƙaramin sikeli, auna shi, ka jera shi da na dalma mai nauyi ɗaya. In girmansu ya zo ɗaya, ka san an yi maka. In ya fi na dalma girma, to tagulla ce ko baƙin ƙarfe. Kada a dogara da maganaɗisu shi kaɗai, domin na gaske ma yakan ɗan ja kaɗan saboda ƙarafan da ake gauraya masa. Abin bai tsaya ga asarar kuɗi ba: a jihar Niyu Hamsha ta Amurka doka ta hana amfani da nauyin dalma na oza ɗaya zuwa ƙasa a ruwan daɗi, saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye shi su mutu. Mutum zai iya karya doka da abin da ya saya yana zaton ya kauce mata.

Sai zaren fuloro, wato zaren fatsa na robar fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa don fatsa a 1971 da sunan Seaguar. Ana sonsa don abu uku: yana nutsewa, yana jure gogar dutse, kuma ba ya fitowa sosai a idon kifi domin yadda haske ke ratsa shi ya yi kusa da na ruwa. Shi ya sa ake sa shi a ɗaurin da nauyi ke can ƙasa ƙugiya na sama da shi, inda ruwa yake garau kuma kifin ya ga jiya ya ga yau. A ido dai shi da nailan ba su da maraba, shi ya sa jabunsa ya fi kowanne yawa. Wani zubin nailan ne tsura, wani zubin nailan ne da aka yi wa shafen fuloro a sama. Shi mai shafen halal ne in an faɗa a kwali, akwai kamfanonin kirki da ke yinsa. Haramcin yana zuwa ne in an goge kalmar shafe aka rubuta ɗari bisa ɗari.

Ga yadda za ka kama su a cikin kofin gilashi. Zuba ruwa, yi ta zuba gishiri kana juyawa har ya ƙi narkewa ya fara kwanciya a ƙasa. Ruwan ya kai nauyin wajen 1.2 ke nan. Yanko guntun zaren kamar tsawon farce, tura shi ƙarƙashin ruwan da tsinke, ka kaɗa don kumfar iska ta sake shi. Fuloro nauyinsa 1.78, zai gangara ya kwanta a gindin kofin. Nailan bai wuce 1.14 ba, sai ka ga yana tasowa a hankali ya dawo sama. Wasu suna gwadawa da wuta, ni dai ba na ba da wannan shawarar, hayaƙin fuloro guba ne.

Zare mai kitso, irin su PowerPro, shi ma ana yi masa. In an ce silli takwas ne, warware bakinsa da allura ka ƙirga. Na jabu yakan fi abin da aka rubuta kauri, yana zubar da launi a yatsa tun jifan farko, kuma sau da yawa tsawon bai cika ba.

Inda abin ya fi ban takaici shi ne koton fizga. Ɗauki Vision Oneten na kamfanin Megabass, tsawonsa milimita 110 da ɗoriya, nauyinsa rabin oza, yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Duk aikinsa a tsayawa yake. Ka fizga sau biyu, ka saki zare, shi kuma ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, kansa ɗan sunkuye, kamar ƙaramin kifin da sanyi ya kama. A wannan tsayuwar bas yake kai cafka, musamman a ruwan sanyi. A cikinsa akwai ƙwallayen ƙarfe da ke gudu zuwa wutsiya lokacin jifa don ya yi nisa, su dawo gaba in ya fara iyo. Na jabu ya kwafi fenti da ido, bai kwafi wannan lissafin ba. Saka shi a bokitin ruwa, tura shi ƙasa ka saki: ko ya yi sama fit, ko ya nutse, ko ya kwanta a gefe ɗaya. Na gaske ma zafin ruwa yakan sa ya ɗan taso ko ya ɗan sauka, amma a sannu, kuma a miƙe. Duba ɗinkin da ya haɗa ɓari biyun jikinsa, girgiza shi bayan ya jiƙa ka ji ko ruwa ya shiga. Ƙugiyar kuma ja ta a kan farce, ta ƙwarai kamawa take yi, ba ta zamewa.

Haka tanar roba ta Senko ta kamfanin Gary Yamamoto, wadda ake soka wa ƙugiya a tsakiya a bar ta ta sauka da kanta. Gishirin da aka cusa mata ne ke ba ta nauyi da wannan karkarwar da bakinta biyu ke yi tana gangarawa. Murza ta gaske tsakanin yatsu, za ka ji gishirin, wurin ya yi fari. Ta jabu roba ce sandararriya.

Kada a fahimce ni a baibai, ba araha nake yaƙa ba. Akwai ƙananan kamfanoni da ke yin koto mai sauƙin kuɗi da sunansu, wasu ma suna kamu sosai, kuma mai farawa ba dole ne ya sayi na manya ba. Wanda ya ce maka ga nawa, ka gwada, ɗan kasuwa ne. Wanda ya manna sunan wani a kan nasa shi ne ɓarawo.

Wajen biya ake yanke hukunci. Duk mai sayarwar da ya ce sai ta katin kyauta, ko kuɗin kirifto, ko tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani mutum, rabu da shi. A PayPal in ya ce ka bi ta hanyar aika wa dangi da abokai wai don a kauce wa caji, so yake ya cire ka daga kariyar mai saye. Hanyar biyan kaya ce ke ba ka kwana 180 na ƙorafi in kayan bai iso ba. A zaurukan sayar da kayan hannu, inda ake tallar injin naɗe zare na Shimano ko Daiwa, ce wa mai shi ya ɗauki sabon hoto da takarda a gefe mai sunansa da kwanan watan ranar, ya kuma yi bidiyo yana juya hannun injin. Mai kaya a hannu ba zai ɓata minti biyar ba. Wanda ya sato hoto zai fara kawo uzuri, ko ya ce wani na jira ka yi sauri. Manyan kamfanonin da yawa suna da jerin dillalansu a shafinsu na ainihi. Shiga da kanka ka rubuta adireshin, kada ka bi ta mahaɗin talla.

Wanda ya riga ya afka, ya kira bankinsa yau, a toshe katin a buɗe ƙorafi. Ya adana hoton tallar, rasit, da duk saƙonnin da aka yi, tun kafin shafin ya ɓace, domin ba sa daɗewa. In lambar bibiya ta nuna an miƙa, ya nemi kamfanin aiken ya ba shi rubutacciyar shaida cewa ba adireshinsa aka kai ba, tare da nauyin kunshin. Injin naɗe zare ba zai zo a ambulan mai nauyin wasiƙa ba. Sannan ya sa ido, domin da zarar ya yi kuka a fili, wani zai biyo shi ta akwatin saƙo wai shi ƙwararre ne a ƙwato kuɗin da aka damfara, a ba shi ɗan kafin alƙalami kawai. Kada a ba shi ko sisi, a toshe shi, a haɗa sunan asusunsa a cikin ƙorafin.