Shekara uku da keken hawan dutse da na haɗa da kaina

Ranar da na kai firam ɗin wurin mai gyaran keke na unguwarmu a Jos, juya shi ya yi, ya leƙa ramin da sandar feda ke shiga, ya ce, "Oga, ka yi sa'a, mai zare ne." Ni dai na karanta cewa rami mai zare, wanda ake kira BSA, ya fi wanda ake cusa boris da ƙarfi sauƙin gyara, shi ya sa na nace sai shi. Sau biyu muka canja boris ɗin wurin cikin shekara uku, kuma kowane karo kafin in gama shan shayina ya gama ɗaurewa.

Firam ɗin na alminiyam ne, gwanjo, babu shokozoba a baya, taya inci 29. Ba ni da abin cewa a kansa, yana nan yadda na saye shi, sai ƙarzunan duwatsu.

Giya ce na daɗe ina jujjuyawa a raina. Abokan hawana duk mai 12 suke so, wato Shimano Deore M6100. Ni na ɗauki ƙanwarta, M5100 mai 11: faranti ɗaya a gaba, na baya haƙora 11 zuwa 51. Dalilina, mai 12 ɗin sai da cibiyar taya ta musamman, Micro Spline, ita kuwa mai 11 tana zama a kan tsohon samfurin cibiya, wato HG, da ake samu ko'ina. Faranti mai haƙora 51 shi ke haurar da ni hanyoyin duwatsun Shere ba tare da na sauka ina turawa ba, kuma ban taɓa tsayawa a kan tudu ina kewar giya ta goma sha biyu ba.

Amma abin da ya fi ceton aljihuna ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon tafin hannu ba, ma'aunin sarƙa, wanda ke nuna yadda sarƙa ta miƙe saboda cinyewa. Ƙurar hunturu tana cin sarƙa kamar gara. Da farko baƙin mai nake zuba mata, irin na kowa, ashe ƙura yake kamawa su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Yanzu man sarƙa marar danƙo nake sawa, in goge da tsumma, kuma da ma'auni ya nuna 0.5, wato ta miƙe da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sai in cire ta ko da kyanta a ido. Sarƙa huɗu na ci, farantan baya kuwa har yau na farkon ne. Wani abokina da ya bar tasa ta miƙe sai da ya sayi komai sabo.

Birki MT200 ne, mai aiki da mai. Takalmansa ba tsada, na kuma sa faifai mai milimita 180 a gaba saboda ni ba ƙaramin mutum ba ne. Gargaɗi ɗaya: kada ka bari a zuba masa man birkin mota. Nasa daban ne, na mota lalata robobin ciki yake yi.

Inda na tafka asara shi ne shokozoban gaba. Kuɗi sun ƙare, na ga wani mai sheƙi a intanet, sunan da ban taɓa ji ba, na ce ai duk ɗaya ne. Araha ba ta ado. Damina ɗaya ya yi ya fara tsatsa, yana ƙara kamar tsohon ƙyaure, muka nemi robobinsa ƙasa da sama babu. Dole na sake sayen wani, gwanjo mai iska, wanda ake samun kayan gyaransa, ana buɗe ƙafafunsa a wanke a canja mai bayan kamar awa 50 na hawa. Da shi na fara saya, da kuɗin na farkon sun ishe ni tayoyi masu kyau.

Tayoyin marasa tub ne, ruwan faci ake zubawa ciki. Ƙaya ta daina tsayar da ni, sai dai ruwan yana saurin bushewa da rani, kuma daga Legas nake sa a aiko mini. Don haka har yanzu akwai tub guda ɗaure a ƙarƙashin sirdi, kuma watan jiya ya yi mini rana.